Jigon Ruhi da Gangar Jiki a Fim ɗin Ghost in the Shell

Manazarta da dama sun ɗauki fim ɗin zane na Ghost in the Shell, wanda Mamoru Oshii ya shirya a Japan cikin 1995 daga littafin Masamune Shirow, a matsayin labarin mutum-mutumi da ƙere-ƙeren gobe. A ganinmu, ƙarfe da waya tufafi ne kawai. Ainihin jigon shi ne abin da ya rage wa ɗan Adam idan aka shiga ƙwaƙwalwarsa.

An gina labarin a shekarar 2029. Tauraruwarsa, Manjo Motoko Kusanagi, jikinta duk ƙirar masana'anta ne, ban da ƙwaƙwalwa, saboda haka take kokwanton ko ita mutum ce. Sai dai a nan Oshii ya yi rauni, domin ya ɗora mata dogayen jawabai na falsafa waɗanda suka fi kama da lacca.

Inda jigon ya warwaru sosai shi ne wajen wani mai kwasar shara, wanda aka dasa wa tunanin ƙarya cewa yana da mata da 'ya. Da 'yan sanda suka tsare shi, sai suka shaida masa ai bai taɓa aure ba. Hoton da yake riritawa ma, babu yarinyar a ciki. Ya tambaya ko za a iya goge masa wannan ƙarya, aka ce da wuya. Hawayen wannan talaka sun isar da abin da jawaban Kusanagi suka yi ta kewayawa, cikin 'yan mintoci kuwa.