Saƙo Tsakanin Ƙwayoyin Jiki: Sharhi a kan Binciken Toda da Abokan Aikinsa

Malaman usulu sun kafa ƙa'ida cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci haƙiƙaninsa. Wannan ƙa'ida ita ce mizanin da za a auna wani bincike da ita a nan, wanda mujallar Science ta buga a shekarar 2018. Satoshi Toda da abokan aikinsa ne suka gudanar da shi a ɗakin gwajin Wendell Lim na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a Amurka. Da'awarsu ita ce sun koya wa ƙwayoyin jikin ɓera aika wa juna saƙon da ba su saba da shi ba, har suka jera kansu cikin tsarin da aka nufa.

Jikin kowace dabba mai shayarwa ya ginu ne daga ƙwayoyi masu rai waɗanda ido ba ya gani, kuma suna sadarwa a tsakaninsu. Ɗaya daga cikin hanyoyin wannan sadarwa wani furotin ne mai suna Notch, wanda ke ratsa fatar ƙwaya, kansa a waje, wutsiyarsa a ciki. Idan maƙwabciya ta taɓa kan da alamar da ta dace, sai a yanke wutsiyar, ta tafi cibiyar ƙwayar ta tayar da wasu ƙwayoyin gado. A shekarar 2016 ɗakin gwajin Lim ya bayyana cewa ana iya cire kan da wutsiyar, a bar tsakiyar, a ɗora wasu a madadinsu. Ta haka mai bincike ke zaɓar alamar da ƙwaya za ta ji da kuma amsar da za ta bayar. Wannan na'ura suka kira synNotch.

Toda ya ɗauki ƙwayoyin ɓera waɗanda a ɗabi'arsu ba sa manne wa juna sosai, ya kasa su biyu. Idan kashi na farko ya taɓa na biyu, sai na biyun ya fitar da kadarin, wato furotin mai danƙo, ya kuma mayar da wani saƙon da ke sa na farkon ya fitar da danƙo kaɗan. Sakamakon shi ne dunƙule mai hawa uku: masu danƙo da yawa a tsakiya, masu kaɗan a kewaye, marasa danƙo a waje. Da aka tsaga dunƙulen, sai ya sake haɗewa bisa tsarinsa.

Adalci ya wajabta a yaba wa aikin. Hujjarsa a bayyane take, domin an rina kowane kashi da launinsa, ana ganin yadda suke rarrabuwa. Ya kuma tabbatar da cewa ƙa'idoji biyu ko uku na saƙo da amsa sun isa su haifar da siffa, ba tare da hannu ya jera ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan fa'ida ce babba ga masu nazarin yadda ɗan tayi ke samun sura.

Inda aikin ya zarce hujjarsa shi ne lafazi. Marubutan sun aro wa aikinsu kalmar da ake amfani da ita wajen tsara wa kwamfuta umarni, abin da ke sa mai karatu ya ɗauka cewa siffar gaba ɗaya daga umarninsu ta fito. Alhali tun 1955 Townes da Holtfreter suka nuna cewa ƙwayoyin tayin dangin kwaɗo, idan aka wargaza su aka cakuɗa, suna sake rarrabuwa da kansu. A shekarun 1960 Malcolm Steinberg ya danganta hakan ga bambancin ƙarfin danƙo. Ke nan rarrabuwar ɗabi'a ce da ƙwayar ta zo da ita. Abin da masu binciken suka ƙara shi ne zaɓar wadda za ta yi danƙo da lokacin da za ta yi. Mai dasa reshen mangwaro a jikin wani ya yi gwaninta, amma ba shi ya sanya wa itace ɗabi'ar kamawa ba. Haka kuma dunƙulen da aka samu ba gaɓa ba ne: ba shi da jijiyar jini, ba ya yin aikin hanta ko ƙoda. Tsakaninsa da gaɓar da za a dasa wa majinyaci akwai tafiya mai nisa.

Wannan gyaran lafazi yana da tasiri a kan istidlali. Wanda ya karɓi kalmar yadda take zai yi gaggawar shigar da mas'alar ƙarƙashin canza halittar Allah da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta zarga. Sai dai Imam Ɗabari ya kawo saɓanin magabata a kan ayar: wasu sun fassara ta da dandaƙar dabbobi, wasu da canza addinin Allah, kuma wannan na biyun ya rinjayar. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1998, ta halatta amfani da fasahar sarrafa ƙwayoyin gado wajen rigakafi da magani, da sharaɗin kada cutarwar ta rinjayi amfanin. Saboda haka muhawara a kan ko ɗan Adam ya zama mahalicci muhawara ce da kalma ta haifar, ba gwajin ba.

Mas'alolin gaske suna inda fasahar ta nufi asibiti. Tun 2016 Kole Roybal, a ɗakin gwajin nan dai, ya nuna cewa ana iya sa ƙwayar garkuwar jiki ta ƙi kai farmaki sai ta ga alamomi biyu a jikin ƙwayar sankara, domin a rage kashe lafiyayyu. Wannan ya yi kama da neman shaida ta biyu kafin zartar da hukunci. Amma dangin wannan magani, wanda ake kira CAR-T, yana da tarihin da ya kamata faƙihi ya sani. Na farkonsa da Amurka ta amince da shi a 2017, Kymriah, an sa masa farashin dala 475,000. Yana iya tayar da garkuwar jiki har ta halaka mai ita, kuma a Janairun 2024 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta buƙaci a rubuta gargaɗin yiwuwar sabuwar sankara a jikin irin waɗannan magunguna. Ƙwayar da aka saki cikin jini tana rayuwa tana hayayyafa, ba kamar ƙwayar maganin da ake daina sha ba. Anan ne ƙa'idar auna maslaha da mafsada, da sharaɗin yardar majinyaci bisa sani, suke da aiki.

Akwai kuma asalin kayan aiki. Ƙwayoyin da aka fi amfani da su wajen haɗa abin da ke shigar da sabon gado cikin ƙwaya sun samo asali daga HEK 293, zuriyar ƙodar wani ɗan tayi da aka zubar, wadda aka sarrafa a Leiden ta Holan a 1973. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta iyakance amfani da sassan ɗan tayi ga ɓarin da ya auku da kansa ko wanda aka yi bisa uzurin shari'a. Ko wannan hukunci ya shafi zuriyar ƙwayoyin da ta shekara hamsin tana rarrabuwa a kwalba, ko kuwa ta koma wani abu dabam ta hanyar istihala, mas'ala ce da ta cancanci risalar digiri.

Binciken Toda ingantacce ne a gwajinsa, mai wuce gona da iri a lafazinsa. Ɗalibin fiƙihu da ya bambance tsakanin biyun zai kashe ƙarfinsa a kan cutarwa da yarda da tsada da asalin kayan aiki, waɗanda su ne majinyaci zai tambaye shi a kansu. Allah ne Mafi sani.