Halattawa ko Sassauta Hukunci? Nazari a kan Hujjar Fotugal

Masu goyon bayan halatta kayan maye sukan kafa hujja da Fotugal, sai dai hujjar ta cakuɗa abubuwa biyu mabambanta. Dokar da ta fara aiki a can a 2001 ba ta halatta komai ba. Fataucin ƙwaya ya ci gaba da zama laifi. Wanda aka kama da abin da bai wuce shan kwana goma ba kuwa, kwamiti ake tura shi, ba kotu ba, domin a ci shi tara ko a kai shi magani. Kanada ce ta buɗe wa tabar wiwi kasuwa a 2018, da lasisi da haraji. Nasarar da ake jingina wa Fotugal ba ta zama dalili ga tsarin Kanada.

Masu adawa ma sukan faɗa cikin wannan ruɗani, su ɗauki kowane sassauci a matsayin halatta haram. Fiƙihu ya riga ya rarrabe. Ibn Taimiyya ya haɗa hashish da giya, ya wajabta haddi a kansa. Al-Ƙarafi, a littafinsa al-Furuƙ, ya sanya shi cikin masu ɓata hankali, hukuncinsa ta'aziri ne. Babu wanda ya halatta shi a cikinsu. Ta'aziri kuwa yana hannun shugaba, gwargwadon maslaha, don haka yana iya fifita jinyar mashayi a kan ɗaure shi. Abin da wannan ƙa'ida ba ta ba shi ba shi ne ikon mayar da maye hajar da baitulmali zai ci riba a kanta.