Gwanin Riwaya da Mitarsa

A garejin Gwandu ko na Kalgo, inda motocin ƙauyuka irin su Dodoru ke zuwa gyara, ana gane gwanin mai riwaya ne tun kafin ya taɓa waya. Zai cire zobe da agogon ƙarfe, ya duba wayoyin mitarsa biyu, ja da baƙa, ko akwai inda roba ta tsage. Sannan ya gwada mitar a jikin batirin da ya tabbatar yana da caji, domin mitar da ta lalace tana iya nuna sifiri alhali waya cike take da wuta.

Lambobin suna kansa. Batirin mota mai cikakken caji yakan nuna bolt 12.6 idan inji na kashe. Da an tayar, altaneta mai lafiya kan kai shi wajen 14. In ya tsaya a 12, gwani ya san inda zai nufa, ba ya sa direba sayen sabon batir a banza. Manyan motoci kuwa 24 suke amfani da shi.

Babban haɗarin yana ramukan mitar. Baƙar waya a ramin COM take zama, ja a ramin V. Duk wanda ya bar ja a ramin 10A ya ɗora ta kan batir, ya haɗa kawunan biyu ke nan kai tsaye: fiyus ya ƙone, tartsatsi ya tashi. Batirin da ke caji kuma yana fitar da iskar haidirojin mai saurin kamawa. Shi ya sa gwani ke kallon ramin da makunnin kowane lokaci, kuma ba ya awon tsinkewar waya sai ya cire kan batir, na nagetif tukuna.

Yanzu da sola ta yawaita, aikin inbata ma yana zuwa hannunsa. Nan ana maganar bolt 230, irin wutar Nepa mai kisa. Sai ya juya mita zuwa AC, ya tsaya a busasshen wuri da takalmin roba, yatsunsa a bayan katangar tsinken wayoyin mitar. Ko an kashe inbata yakan dakata, don kafasito na riƙe wuta.

Direbobi, in kun ga yana wannan natsuwa kada ku azalzale shi. Iyayen gida kuma, ku fara koya wa yaranku mita kafin ku miƙa musu filaya.