Wata Shida a Zariya

Marubutanmu masu tseren gama littafi cikin wata guda, su sare a tsakiya, ya kamata su sake duba Magana Jari Ce. A 1936 Abubakar Imam ya zauna a Zariya, ya rubuta littattafan uku cikin wata shida. A ganina tsarin aikin ne ya riƙe shi: aku na jero labarai, kowanne da farkonsa da ƙarshensa, saboda haka kullum akwai abin da ya kammala. Kuma bai fara hannu rabbana ba, ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa. Gaggawar ta bar tabo, wasu labaran ba su nuna sosai ba. Amma aikin ya kammalu, har yau ana karanta shi.