Shekarun Yaƙin Jamus a Ƙidayar Kakanninmu

A da, idan ka tambayi tsohuwa a ƙauyukan Malumfashi shekarunta, ba ta kawo maka lamba. Sai ta ce an yi mata aure bayan yunwa kaza, ko ta haifi ɗan farinta shekarar annoba kaza. Wannan al'ada ta laƙaba wa shekara sunan abin da ya auku cikinta ita ce kundin tarihin talaka, kuma a cikinta ne za a ga yadda Yaƙin Duniya na Ɗaya, na 1914 zuwa 1918, ya taɓa ƙasar Hausa.

Littattafan Turai suna tuna yaƙin da ramukan Faransa da Beljiyam, inda sojoji suka shekara cikin taɓo da ɓeraye. Mu kuwa namu ya faro ne da rumbu. A shekarar da Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, wato 1914, damina ta riga ta gaza, aka shiga yunwar Kakalaba wadda ta fi tsanani a Kano da arewacin Katsina. Jama'a suka yi ta gangarowa kudu neman hatsi. Ciki bai cika ba sai ga kiran Bature: ana son soja, ana son 'yan dako. Umarnin yakan bi ta fadar sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, har ya tsaya a ƙofar gidan manomi. Sarakunan Arewa, a zamanin da Muhammadu Dikko ke sarautar Katsina, sun kuma ba da gudummawar kuɗi daga baitulmali, wato daga harajin wannan manomin.

Waɗanda aka ɗiba sun yaƙi Jamus a Kamaru, inda Garwa ta faɗi a 1915, Mora kuma ta miƙa wuya a 1916. Daga nan aka tsallaka da wasu Gabashin Afirka, suka sha wuta a Mahiwa a watan Oktoba na 1917. A bayan kowane soja akwai ɗan dako, gammo a ka, akwatin harsashi a bisa, ƙafa ba takalmi. Cuta da yunwa sun fi bindiga cin irinsu. Ana gab da ajiye makamai kuma sai murar nan da ake kira Marisuwa ta sauka Legas a 1918, ta biyo layin dogo zuwa Arewa.

Ƙarfin ƙidayar nan ta sunayen shekaru shi ne ta ajiye wahalar wanda bai riƙe bindiga ba: matar da ta yi ta jiran miji, da gonar da ta kwana ba noma. Rauninta kuwa shi ne ta riƙe sunan shekara, ta saki sunan mutum. Tarihin soja ya adana Chari Maigumeri, har barikin Lokoja na ɗauke da sunansa, amma ɗan dakon da ya bar garinsu bai komo ba, ko kabarinsa ba a sani ba. Bikin tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu ma bai cika waiwayar sa ba.

Waɗanda suka ga zamanin sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Saura jikokinsu da suka ji daga bakinsu. Ina kira ga malamai da ɗaliban tarihi na Malumfashi da Funtuwa su zauna da dattawan nan, su rubuta abin da ya rage tun suna raye.