Dikte Kaɗai Ba Ya Koya Wa Yaro Rubutu

A wannan fitowa muna so mu yi gyara kan yadda ake koya wa yaran firamare rubuta kalmomi, a lakwal da ma islamiyyunmu na nan Nijar.

Ga yadda abin yake tafiya: malam ya karanta dikte, yara su rubuta, ya bi da jan biro yana ƙirga kurakurai, sannan maki ko bulala. Gobe kuma haka. To jama'a, yaushe aka yi koyarwar? Dikte awo ne, kuma awon hatsi ba ya ƙara masa yawa. Yaron da ba a taɓa nuna masa bambancin k da ƙ ba, ko sau ɗari aka gwada shi, kuskuren nan zai maimaita.

Yaronmu kuwa kaya uku ne a kansa. Faransanci ya koya masa "ou" da "ch", shi ya sa yake rubuta Chaïbou maimakon Sha'aibu. Larabci yana da tasa hanya. Ita Hausa an bar ta kamar marainiya, wai ai kowa ya iya. Alhali tana da ƙa'ida: an tattauna rubutunta a taron Bamako na 1966, kuma a 1999 gwamnatin Nijar ta tsayar da haruffanta, har da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Wannan ƴ ita ce ƴan uwanmu na Najeriya suke rubutawa 'y.

Kar mu ɗauka ƙaramin abu ne. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Wanda ya rubuta "bashi" yana nufin "ba shi" ya mai da kyauta rance. A darasin fiƙihu, ɗalibi ya rubuta "bata sallah": shin abin da ke ɓata sallah yake nufi, ko yana cewa wata ba ta sallah? Lanƙwasa ɗaya da tazara ɗaya, ga hukunci ya koma ƙazafi.

Abin mamaki, maganin yana gidanmu. A makarantar allo ba a cewa yaro ya rubuta abin da bai sani ba. Sai ya gama babbaƙu, ya san kowane harafi da sunansa da siffarsa, sannan ya shiga farfaru ya haɗa su da wasali. Yana faɗa da baki, yana nunawa da yatsa, ya wanke ya sake. Magabata ma sun sha wahala kan wannan: Abul Aswad Ad-Du'ali ya sa alamun wasali, daga baya Nasru bin Asim da Yahaya bin Ya'amar suka sa ɗigon da ke raba haruffa masu kama da juna, don kada mai karatu ya karkace. Mu da muke tsayar da yaro kan makhrajin harafi ɗaya har sati, me ya sa muke sakaci da harshen da muke fassara masa addini da shi?

Shawararmu ga malamai: a fara da kunne kafin alƙalami. A ɗauko kalmomi biyu masu kama, kamar bari da ɓari, yara su ji, su faɗa, su gani a allo, sannan su rubuta. Kalmomi kaɗan a rana sun isa. Dikte ya zo a ƙarshen mako, kan abin da aka riga aka koyar. In yaro ya kuskure, a nuna masa dalili, shi ya gyara da hannunsa. Iyaye kuma mu riƙa duba littafin yaranmu, mu gyara namu rubutun na waya, don abin da suka gani gare mu shi suke kwaikwaya.

Allah Ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, amin.