Yaƙin Biyafara a bakin ƙaramin soja: nazarin Sozaboy

A cikin Sozaboy (1985), Ken Saro-Wiwa, ɗan ƙabilar Ogoni, ya kawo yaƙin Biyafara (1967-1970) ta bakin Mene, yaron mota wanda sha'awar kaki ta kai shi soja. A ganinmu ƙarfin littafin yana ga harshensa, wato gurɓataccen Turanci mai nuna yadda manyan kalmomin shugabanni ke sauka kan talaka bai fahimce su ba. Mene ya bauta wa ɓangarorin biyu, bai san dalilin faɗan ba. Amma dabarar tana da illa: kashe-kashen Ibo na 1966 a Arewa, waɗanda suka share fagen ɓallewar, ba su samu gurbin da ya kamace su ba. Mai karatu zai ji zafin yaƙin, sanadinsa kuwa sai ya nema wani wuri.